Haƙorin Haliru Bakanike

Ni Bala ne, baduku, a Ƙofar Guga nake ɗinkin fata tun ina da gashi a ka. Haliru kuwa taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini, in ma ba ni da shi zan faɗa. Garejinsa yana can bayan Ƙofar Sauri, ƙarƙashin wata bishiyar bedi da baƙin mai ya hana ta girma. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a wurin yana gyaran tsofaffin motoci, irin waɗanda tayoyin baya ke turawa. Duk Katsina in mota ta kama karkarwa ko wani kuka da aka rasa kansa, wurin Haliru ake kai ta. Ba don hannunsa ba, hannunsa kamar na kowa ne. Don haƙorinsa ake zuwa.

Haƙorin na ƙasa ne, ɓangaren hagu, na biyu daga ƙurya. A gidana ya same shi, ranar sunan ɗana na fari, da ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa saboda ci yake kamar ana binsa. Haƙorin ya tsage, ya yi kogo, ya fara girgiɗi, amma ya ƙi fita. Bayan 'yan watanni yana cikin wata mota ana gwaji, hannuwansa biyu riƙe da kaya, ya ciji sifana a baki, ɗaya bakin sifanar ya dogara da sandar giya. Sai haƙorin ya harbe shi har cikin kunne. Ya ce a tsaya, ya shiga ƙarƙashi, ya tarar da ciwon motar daidai inda ransa ya ba shi. Daga ranar Haliru ya daina zama mutum mai ciwon haƙori, ya koma mutum mai kayan aiki.

Sifana tana da sanyi, sai ya koma muciya. Muciyar tuwo dai da kuka sani, ta matarsa Saudatu. Bakwai ta lissafa ya ɗauke mata kafin ta haƙura ta bar masa ta takwas. Zai zauna gefen direba, ya kafa kan muciyar a daɓen mota, ya ciji gindinta da haƙorin, ya lumshe ido, ya yi wa mai mota alama da hannu a tafi. In an kai gudun da motar ke fara ɓari, sai ya yi gurnani a cire giya, a bar ta ta gangara da kanta. In ɓarin ya tsaya, inji ne, ya ce ba aikinsa ba ne, a kai wa masu kunne. In bai tsaya ba, to ciwon yana ƙasa. Ya ce taya in ta karkace bugawa take yi masa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Farfela kuwa, wato dogon bututun ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa tayoyin baya, tsami take sa masa, siriri mai sauri, irin na wanda ya sha ruwan ƙanƙara. In kuros ne, mahaɗin da ke bakin farfelar, tun a tashin farko zai ji ƙwas a muƙamuƙi. Aksul ɗin baya kuma, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, idonsa na hagu ne ke kawo ruwa in an taka totur, ya ƙafe in an ɗaga ƙafa. Na sha gaya masa ƙarya yake yi, amma ban taɓa kama shi ba.

Mutane har zuwa kallo suke yi. Wani mota lafiya lau zai kawo don dai ya ga dattijo da gemu ya ciji muciya ana gudu da shi a hanyar Daura. Haliru bai damu ba. Ba ya cin nama da hagu, ba ya shan koko mai zafi ranar da aka yi masa alƙawarin kawo mota, kuma in zai yi asuwaki kewaye haƙorin yake yi, wai kada ya dame shi.

Bana da damina abin ya juye. Kumatunsa na hagu ya kumbura kamar ya ɓoye mangwaro a ciki, bakinsa ya fara warin da ko ni mai zama cikin fata ba na iya tsayawa kusa. Saudatu ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan haƙori. Likitan ya leƙa, ya ja baya, ya ce ruwan ciwo ya fara cin muƙamuƙi, in ba a cire haƙorin cikin sati biyu ba zai gangara wuya, daga nan kuma maganar ta wuce ta haƙori. Haliru ya tambaye shi ko za a iya cire muƙamuƙin a bar haƙorin.

Da yamma Saudatu ta zo rumfata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Yaya Bala, ka yi masa magana. Ni na gaji. In ya mutu haƙorin zan aura?"

Na je na same shi yana zaune kan tsohuwar taya, ya tallafe kumatu. Na ce, "Kai dai da ma ba kyau gare ka ba, yanzu ka ƙara da wari. Je ka a cire."

Ya ce, "Bala, in an cire shi mi ya rage? Bakanike mai sifana akwai ɗari tsakanin nan da Ƙofar Kaura. Mai haƙori ni kaɗai ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma na tsani in ji gaskiya daga bakin Haliru. Daga ƙarshe dai ya yi wa Saudatu rantsuwa cewa mota ɗaya ta rage. In ya gama da ita zai kai kansa wurin likita da ƙafarsa.

Motar ta Alhaji Hamman ce, wani Bafulatani da ya zauna da shanunsa a wata ruga gefen hanyar Daura. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, da ita yake kawo kindirmo gari kullum da safe, mata masu fura su saya. Kukansa shi ne, wata uku ke nan motar in ta kai sittin sai ta kama ɓari, kafin ya iso Ƙofar Kaura ta kaɗe kindirmon tas, mai ya taso sama, ƙasa sai tsala. Mata suna jiran kindirmo, shi yana sauke musu man shanu. Bakanikai uku sun taɓa ta. An canza kuros, an canza tayoyin baya, wani ma ya sauke farfelar gaba ɗaya ya mirgina ta a kan siminti bai ga lanƙwasa ba.

Haliru ya shiga, ya kafa muciya, aka tafi. Sittin, shiru. Saba'in, shiru. Aka dawo, ya ce motar lafiyarta ƙalau. Washegari Hamman ya dawo da ƙwarya cike da man shanu ya ajiye masa a gaba. Aka sake gwadawa, wannan karon da jarkokin ruwa a baya don nauyi. Shiru. Kwana na uku aka ɗora buhunan gero har da ni a kai, haƙorin bai ce uffan ba. Kwanakin likita kuwa suna ta tafiya, kumburin ya fara sauka ƙarƙashin haɓa.

Ran nan sai ga Haliru a rumfata, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Bala, ya mutu."

Na ajiye basilla na fara salati, na zaci surukinsa ne da ke kwance ba lafiya. Ya ce haƙorin yake nufi. Wallahi na yi niyyar dariya, har ta taso, sai na ga idonsa. Mutumin da na sani tun muna yawo ba wando, ban taɓa ganin ya ji tsoro irin na ranar ba. Ba mutuwar da likita ya faɗa yake tsoro ba. Tsoronsa a ce Haliru ya bar aiki a kan motar da ta gagare shi.

Na ce, "To kai, motar nan a garejinka take ɓari ko a hanyar ruga?"

Ya dube ni. Ya ce, "Gobe da sassafe ka zo da babur ɗinka. Kada ka gaya wa kowa."

Rana na fitowa muka isa rugar, ana cikin loda ƙore da jarkoki. Hamman ya gan mu, fuskarsa ta canza, amma ya tare mu da gaisuwa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gari, ya koma kan iyali, ya sake tambayar gajiya. Na lura so yake gaisuwar ta kai azahar. Haliru dai ya buɗe ƙofa ya zauna da muciyarsa. Na matsa tsakiya, Hamman ya tayar da mota ba don yana so ba.

Muna hawa kwalta allura ta kama hanyar sittin, sai na ji kujera ta fara yi mini susa. Madubi ya dushe. Haliru ya yi wani irin nishi ta hanci, hawaye suka zubo masa ta ido biyu, ya ɗaga hannu a cire giya. Aka cire, ɓarin bai tsaya ba. Ya zare muciyar daga baki, miyau da jini suna bin ta, yana murmushi da rabin fuskar da ta rage masa.

Ya ce, "Yana da rai. Farfela ce. Alhaji, tsaya."

Hamman ya ce mata suna jira. Haliru ya ce su jira. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Can ya ce, "Bala, zo ka ga aikinka."

Na durƙusa na leƙa. A tsakiyar farfelar, ɗaure tam, ga wata ɗamara ta jan fata mai maɓallin ƙarfe, da ƙulli a jikinta kamar ƙwan zabo. Ko a mafarki na san ɗinkina. Wata uku da suka wuce Hamman ya kawo mini wani ƙunshi ya ce in rufe shi da fata, in yi masa ɗamara mai ƙarfi wadda za a iya ɗaurawa a kwance. Na zaci ta wuyan maraƙi ce. Har na yi masa ragi.

Hamman ya tsuguna a bakin hanya yana zane ƙasa da tsinke. Da ƙyar maganar ta fito. Mahaifiyarsa ce ta sa a ɗaura, kuma ta ce hannun bakanike mai baƙin mai kada ya taɓa. Shi ya sa duk ranar da zai kai motar gyara sai ya tsaya bayan wata katanga kafin gareji, ya shiga ƙarƙashi ya kwance, in an gama ya mayar. Bakanikai huɗu ya sa suna neman ciwon da ke cikin aljihunsa.

Na ce, "Alhaji, ai da ka faɗa."

Ya ce, "Da kunya."

Muka juya rugar. Mahaifiyar tasa, Inna Hajo, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune kan tabarma tana gyaran faifai. Haliru ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, sannan ya tambaye ta abin da ke cikin ƙullin. Ta ce babu rubutu a ciki, ita ba za ta sa sunan Allah a ƙarƙashin mota ba. Saiwoyi ne, da wani ɗan dutse daga mashayar da shanun mahaifinta suka sha ruwa shekara arba'in ba a rasa ko ɗaya ba. Da farko a madubi aka rataya, maraƙi ya tauna. Sai ta sa aka ɗaga mata motar ta leƙa da kanta, ta tambayi ɗanta wane ƙarfe ne ke kai ƙarfi ƙafafun baya. Ya nuna mata. Ta ce to nan ne gadon bayanta, nan za a ɗaura.

Ta ce, "Tun da na ɗaura, motar nan ba ta taɓa faɗuwa ba."

Haliru ya ce, "Inna, kafin ki ɗaura ta taɓa faɗuwa?"

Ta ce, "A'a. Ka ga na riga ta ke nan."

Haliru ya yi mata bayani a hankali, cewa ƙarfen nan juyawa yake da sauri fiye da yadda ido ke gani, in gefe ɗaya ya fi nauyi ko da ɗan dutse ne sai ya riƙa fizgar motar duka. Ta saurara har ya gama, ta ce ta gane sarai, kuma ba za a cire ba. Hamman yana gefe ya sunkuyar da kai.

Na zaci Haliru zai yi faɗa. Sai ya ce, "To Inna, kin yarda a yi masa abokin zama? A ɗaya gefen, daidai nauyinsa. Ba zan taɓa naki ba, Bala ne zai ɗinka, shi hannunsa fata kawai yake wari."

Ta yi tunani ta ce, in dai ba za a taɓa nata ba.

Jakar aikina ba ta rabuwa da ni. Na yanka 'yar fata na yi aljihu a jikin ɗamarar, daidai bayan ƙullin. Haliru ya zaro washa daga aljihu, 'yan ƙarafan nan masu huda da ake sa wa noti. Muka sa ɗaya, muka hau kwalta, ya ciji muciya, ya ce ya ragu amma da saura. Muka sa biyu, ya ce ya wuce, yanzu ɗaya gefen ke ja. Muka koma ɗaya don ya ƙara tabbatarwa. Duk gwaji sai ya fito yana layi, gumi ya jiƙa masa riga, na ce ya bari haka, ya ce in rufe masa baki.

A gwaji na huɗu ne Hamman ya kauce wa akuya ya faɗa rami. Motar ta yi sama ta dawo, muciyar ta daki daɓe, na ji wani ɗan sauti ƙaras. Haliru bai yi ihu ba. Ya buɗe baki a hankali, ya tofa a tafin hannunsa. Ga haƙorin nan baƙi ƙirin, ƙarami, abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Shekara talatin ana ba shi girma a Katsina.

Muka tsaya gindin wata kuka. Ya kurkure baki, jini da ruwan ciwo suna fita, ya ɗauki muciyar ya cije ta da dama, ya sa Hamman ya ja mota. Ya gwada da na gaba. Ya gwada da dasashi. Ya sauko ya ce, "Ba na jin komai, Bala. Itace kawai." Ya zauna a kan saiwar kukar yana kallon tafin hannunsa.

Can ya ɗaga haƙorin yana auna shi a hannu. Ya ce, "Washa ɗaya ta yi kaɗan, biyu sun yi yawa. Sa ɗaya, ka haɗa da wannan."

Na karɓa, na kwance ɗamarar, na koma bayan kukar inda haske ya fi. Ina tura haƙorin cikin aljihun fatar da gindin basilla, sai ya ruguje. Ashe ɓawo ne kawai ya rage, cikinsa duk ya cinye. Ya zama gari a yatsuna, iska ta ɗauki rabi. Na waiga, Haliru yana can ya ba ni baya. A bakina akwai ƙwallon dabino da nake tsotsa tun safe. Na tofo shi, na goge a riga, na tura shi kusa da washar, na ɗinke da zare biyu.

Na mayar da ɗamarar, muka koma rugar. Inna Hajo da kanta ta ɗora ƙwaryar kindirmo a kujerar gaba, ta ce ita ce shaida tun da bakaniken ya rasa nasa. Haliru ya riƙe ƙwaryar a cinya. Muka kai sittin, muka kai saba'in, madubi ya tsaya cak, har Ƙofar Kaura fatar saman kindirmon ba ta tsage ba. Daga nan ban bar Hamman ya sauke ko jarka ɗaya ba sai da ya kai mu wurin likita. Likitan ya tono saiwar haƙorin da ta rage, ya wanke, ya yi allurai, ya ce da mun ƙara kwana uku da sai dai a yi wa Saudatu gaisuwa.

Kumburin ya sace cikin sati biyu. Haliru yana cin tsire da hagu da dama yanzu, har ya yi ƙiba. Muciyar ta koma madafa da tabon haƙori a gindinta. Masu zuwa kallo sun daina zuwa, garejin ya yi shiru, wata rana sai ya wuni bai taɓa mota ba. In aka kawo mai ɓari yakan ce shi ya bar wannan aikin, a kai wani wuri. Mota ɗaya ce ba ya mayarwa. Kullum da safe in Hamman ya sauke kindirmo sai ya biyo ta gindin bedin, Haliru ya shimfiɗa buhu ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "An kwana lafiya? Ya aiki?" Ba da Hamman yake ba.

Watan jiya motar ta zo da sabon kuka, ina wurin. Hamman ya ce in ya tashi yana jin ƙwas, in ya saki totur kuma ƙwas. Haliru ya ce shi fa ba shi da abin ji. Amma ya kwanta gaisuwar da ya saba, hannunsa ya kai kan farfelar, ya murɗa ta hagu, ya murɗa dama, ya girgiza. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Kuros na baya ya ci. Wanda aka sa maka ba mai kyau ba ne." Aka kwance, haka ne.

Hamman ya ce, "Malam Haliru, ya aka yi ka gane, ba haƙori?"

Haliru ya shafa aljihun fatar da na ɗinka. Ya ce, "Ga shi nan. Shi ya gaya mini." Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce wa Hamman in ya ji wani mai mota na kukan ɓari ya turo shi, amma a zo da safe, lokacin da a-kori-kurar take nan.

Shekara sittin ina neman abin da zan kunyata Haliru da shi a gaban mutane, kuma ban taɓa samun wanda ya kai wannan ba. Ina tsaye, maganar tana bakina. Na tuna fuskarsa a gindin kukar nan, sai na haɗiye. Shi ba ya karanta komai sai lambar noti, don haka ba zai gani a nan ba, ku ma in kun bi ta Ƙofar Sauri ku gaishe shi ku wuce. Ya juyo ya ce mini, "Kai baduku, mi kake kallo?" Na ce ɗinkina nake dubawa ko ya saki. Ya ce bai saki ba, aikin kirki ɗaya ke nan da na taɓa yi a rayuwata.